Shanya ba ajiya ba ce

Ranar 3 ga Satumba 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Cikin ɗan lokaci hoton rushewarsa ya kewaye ƙasa, daga salula zuwa salula, kowa yana salati, kowa yana tura wa na gaba. Rushewar kam an gan ta. Tambayar da ba a yi ba ita ce: ina hotunan tsayuwarsa? Shekara da shekaru mutane sun ɗauki wannan gini ta kowace fuska: ɗalibai da malamansu suka kai ziyara, baƙi daga Maraɗi da Tawa da Yamai, ƙungiyoyin raya al'adu da suka jera a ƙofarsa da manyan riguna. In aka tambayi ɗaya daga cikinsu yau, amsarsa ba za ta wuce biyu ba: «yana Facebook», ko kuwa «ai na tura a WhatsApp». Kuma da natsuwa zai faɗa, kamar wanda ya ce hatsinsa yana rumbu.

Wannan natsuwa ita ce abin faɗa. Manomin da bai taɓa shiga lakwal ba ya san bambancin shanya da ajiya. Ana shanya a fili, inda rana take, inda idon mai wucewa yake, inda kaji da awaki suke. Ana ajiya a rumbu, a ɗaure, a rufe, kuma iri ana ware shi daban don ko an ci na ci kada a ci na shuka. To sai ga masu takardun shaida, malamai da magatakardan ƙungiyoyi, waɗanda su ne ya kamata su koya wa jama'a kiyaye tarihi, sun baza tarihin nasu a tabarmar wani, a bakin kasuwar wani, suna kiran wannan ajiya. Dandalin sada zumunta wurin nuni ne. An gina shi don a gani, a yaba, a wuce, kuma mai shi ya sayar da talla a tsakanin gani da wucewa. Ba wanda ya gina shi don jikan wani ya zo bayan shekara 40 ya nemi fuskar kakansa.

Wanda yake ganin wannan tsoro ne kawai na tsofaffin malamai, to ya tuna da Skyblog. Duk wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 2000 kuma ya taɓa biyan kuɗin awa ɗaya a gidan intanet ya san shi. Gidan rediyon Skyrock na Faransa ne ya buɗe shi a 2002, ya zama dandalin samari da ƴan mata masu jin Faransanci, har da na wannan yanki: hoton aji, hoton abokai a gindin bishiyar lise, hoton ƙungiyar mawaƙan unguwa da ba ta taɓa shiga situdiyo ba. Ranar 21 ga Agusta 2023 aka rufe shi. An yi sanarwa kafin nan, an nuna wa mutane yadda za su kwashe kayansu, amma sanarwar ta isa ga wa? Mai shafin ya daɗe da zama magidanci, adireshin wasiƙar da ya buɗe shafin da shi ya daɗe da mutuwa. Babban ɗakin karatun ƙasar Faransa da cibiyarsu ta adana sauti da hoto sun kwashe miliyoyin shafuka sun adana, domin su a wurinsu wannan tarihin ƙasarsu ne. Sai dai irin wannan ajiya ba a buɗe take a intanet ba. Masu bincike ne suke duba ta a ɗakunan karatu na can. Ke nan mutumin Maraɗi da ke son ganin hoton ajinsu na 2006, in ma shafinsa yana cikin waɗanda aka kwashe, sai ya nemi biza. A dubi wannan da kyau: shekara da shekaru ana kuka cewa kayan tarihin Afirka suna gidajen tarihin Turai, ga shi kuma an kai sababbi da hannu, kyauta, ba soja ba bindiga.

Skyblog ya yi sallama kafin ya tafi. MySpace ko sallamar bai yi ba. A tsakiyar shekarun 2000 babu dandalin da ya kai shi a duniya. A 2005 an saye shi a kan dalar Amurka miliyan 580, a 2011 aka sayar da shi a kan kimanin miliyan 35. A watan Maris 2019 kamfanin ya amsa cewa wajen ƙaura daga wasu na'urorin ajiya zuwa wasu, hotuna da waƙoƙi da bidiyon da mutane suka ɗora tun farkonsa har zuwa wajen 2015 sun salwanta. An ƙiyasta waƙoƙin kawai sun kai miliyan 50. Kamfanin ya ba da haƙuri cikin ƴan layuka, magana ta ƙare. Ba wanda aka biya ko dala, domin ba wanda aka yi wa alkawari. Kafin su Yahoo ya rufe GeoCities a 2009. Google ya rufe Orkut a 2014, ya rufe Google+ a 2019. Maƙabartar tana da faɗi, kuma kowane kabari a cikinta ya taɓa zama wurin da ake cewa «kowa yana can».

A nan ne ake ɗaga murya a ce: to ai Facebook daban ne, ya fi ƙarfin mutuwa. Wataƙila. Kodak ma, wanda sunansa yake bayan kusan kowane tsohon hoto da ke cikin akwatin iyaye, ya fi ƙarni yana mulkin hoto a duniya, a Janairu 2012 ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Amma a bar maganar mutuwa, a ɗauka Facebook da Google za su yi tsawon ran kuka. Mai gida ba sai ya mutu ba kafin baƙo ya rasa ɗaki. Ya isa ya sake shawara. A 2013 Flickr ya bai wa kowa wurin ajiya na tera guda kyauta, masu ɗaukar hoto suka kwashe aikin rayuwarsu suka zuba. A 2018 aka sayar da shi, sabon mai shi ya ce wanda ba ya biya ba zai wuce hoto 1000 ba, abin da ya haura kuma za a share, a fara daga mafi tsufa, wato daga wanda ya fi daraja. A 2017 Photobucket ya wayi gari ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da bayyana a wasu shafuka sai ya biya dalar Amurka 399 a shekara, sama da jaka 200 ke nan na kuɗin sefa. Google, da ya shekara shida yana karɓar hotuna ba iyaka, ya daina daga 1 ga Yuni 2021. Abin da yake bayarwa kyauta giga 15 ne, kuma wasiƙu da takardu da hotuna duk a ciki suke rabawa. A 2023 ya ƙara da cewa asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba yana iya share shi da duk abin da ke ciki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa doka. Sharuɗɗan da kowa yake danna musu «na yarda» ba tare da ya karanta ba sun faɗa ƙarara: hoton naka ne, kamfani yana da izinin amfani da shi, yana iya dakatar da asusu, kuma bai ɗauki alkawarin cewa abin da aka ɗora zai dawwama ba. Hausawa sun riga lauyoyin Amurka faɗa: banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk da haka, ba ta wannan babbar ƙofa yawancin hotunan ƙasar nan suke fita ba. Ta ƙaramar kafa suke zurarewa, kuma masu su ne suka haƙa ta. A ɗauki misalin da kowane ɗan ƙungiya zai gane. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta marubuta ta buɗe shafi. Wa ya buɗe? Yaron da ya fi kowa iya taɓa salula. Da lambar wayarsa ya buɗe, lambar sirri kuma tana kansa. Shekara bakwai ana ɗora hotuna: gasar da aka ci, ziyarar da aka kai fada, fuskar dattijon da ya kafa ƙungiya a taronsa na ƙarshe. Sai yaron ya tafi neman kuɗi arewa, ko aka yi saɓani a kan kuɗin asusu ya yi fushi ya fita, ko aka sace wayar a tasha. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfanin waya yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Saƙon da ake turowa don sake lambar sirri kuwa wannan layi yake zuwa. Ko kuma wata rana a turo wani saƙo mai cewa an ci kyauta, a danna, washegari shafin ƙungiyar raya al'adu ya koma tallan caca da wani harshe. A rubuta wa kamfanin, na'ura ta amsa. Ranar bikin cika shekara goma, shugaba ya miƙe ya ce «abin takaici, an yi mana kutse», jama'a su ce Allah ya kyauta, a ci shinkafa a watse. Ba wanda zai tambaya me ya sa a shekara bakwai ba a taɓa ware yini ɗaya an kwashe hotunan an ajiye ba. Ana kiran abin ƙaddara. Manomin da ya bar hatsinsa a masussuka har damina ta faɗi ba ƙaddara maƙwabta suke kiran abin da ya same shi ba.

Batun WhatsApp ya fi muni, domin a nan ko tabarmar shanyar babu. Mutane da yawa, har da masu koyar da kimiyya, suna zaton hoton da aka tura a zauren ƙungiya yana zaune wani wuri a sama yana jiransu. Ba haka tsarin yake ba. Kamfanin yana riƙe saƙo ne har ya isa ga wanda aka tura wa, daga nan ajiyarsa ta koma wuyan wayoyin da suka karɓa. Wayar da ta cika, mai ita ya share. Wayar da ta faɗa rijiya, ta tafi da rabonta. Asusun da aka yi kwana 120 ba a buɗe ba yana iya gogewa. Akwai hanyar ajiye kwafin hirarraki a asusun Google, amma sai mutum ya kunna ta da kansa, kuma a wayoyin Android tun 2024 wannan kwafi cikin giga 15 ɗin nan yake ci. Zauren WhatsApp dandali ne na hira da dare: an zauna, an yi dariya, an tashi, iska ta share sawu.

Sannan ko hoton da ya tsira, wane hoto ne? Wayar zamani tana ɗaukar hoto mai nauyin mega uku ko huɗu ko fiye. Da an ɗora shi a Facebook ko an tura shi a WhatsApp ta hanyar da aka saba, sai a matse shi, a rage girmansa, a zubar da abin da ido ba zai lura da shi ba a ɗan gilashin waya. Bayanan da na'urar ɗaukar hoto take rubutawa a cikinsa, ranar da aka ɗauka da sa'a da irin na'ura, su ma ba sa bin hoton zuwa ga wanda ya sauke shi. In wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya sake turawa, wani ma ya yi haka, a hannu na biyar abin da ya rage kamar shayin da aka yi wa zubi na huɗu ne. A waya yana da kyau. Ranar da aka so a buga shi babba don baje koli, ko a sa a littafi, ko magini ya so ya ga yadda zanen bango yake, sai a tarar da fuska ta zama dabbare-dabbare. Mutum ya share na asali daga wayarsa don ya sami wuri, yana cewa ai ya ɗora. Ya zubar da nono ya ajiye tsala.

Akwai kuma abin da bai kamata a tuna wa ɗan Nijar ba. Daga 24 ga Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, intanet ta waya ta yanke kimanin kwana goma. Ranar 4 ga Oktoba na wannan shekara Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya wajen awa shida. A watan Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Rumbun da makullinsa yake hannun mutum uku, kamfanin waje da kamfanin waya da hukuma, kuma kowane ɗaya yana iya rufewa ba tare da shawara da mai hatsi ba, sunansa wani abu ne daban.

Abin kunyar shi ne magabata, da ba su da ko kashi ɗaya cikin dubu na waɗannan na'urori, sun fi iya ajiya. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948. Da ya daina aiki bai zubar da kilishensa ba, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi (a yi hattara da wasalin ƙarshe, ba na Madawa ake nufi ba). Ya adana dubbai a akwati. A farkon shekarun 1990 aka neme shi, aka wanke su manya, duniya ta ga Bamako ta shekarun 1950 da adonta da kekunanta da rediyonta. Malick Sidibé ya jera nasa cikin kwalaye a shagonsa, kowane da kwanan wata. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venis. A Yamai, in ana iya ganin yadda samari suka yi rawa da ado a shekarun 1960 da 1970, albarkacin irin su Philippe Koudjina ne da abin da ya tsira na kilishensu. Boubou Hama kuwa ya bi gari gari yana tara rubuce-rubucen Larabci da ajami, na saye ya saya, na kwafa ya sa a kwafa, kuma wannan tari shi ne tushen dubban littattafan da ke sashen rubutun hannu na cibiyar IRSH. Dukansu abu ɗaya suka gane: asali a hannu yake zama, kwafi ne yake yawo. Tsarar da ta fi kowace tsara ɗaukar hoto a tarihin ƙasar Hausa ta juya abin: ta saki asali, ta riƙe inuwa. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet ɗin kanta, ya yi gargaɗi a 2015 cewa wannan ƙarni yana iya zama ƙarnin da aka manta, har ya shawarci mutane su wanke hotunan da suke ƙauna a takarda. Maƙerin da ya ƙera wuƙa ne yake cewa a yi hankali da kaifinta.

Kada masu begen da su yi saurin tafi. Akwai dattawan da ke jin irin wannan magana sai su gyara zama su ce: ai mun faɗa, takarda ita ce gaskiya, a bar kayan Nasara. Su ma ba su da gaskiya. Daminar 2024 da ta kayar da masallacin Birni ta kayar da dubban gidaje a Maraɗi da Damagaram da sauran jihohi, kuma ruwa bai tambayi wane akwati ne yake da albam ba. Wanda ruwa ya bari, gara tana jiransa. Wanda gara ta bari, zafi yana cin launinsa har amarya ta koma ja kamar an jiƙa ta da zoɓo. Iyalai nawa ne hoton mahaifinsu ɗaya tilo ya tsira don wani yaro ya taɓa ɗaukarsa da waya ya tura wa ɗan'uwa a Kwatano? Intanet ba abokiyar gaba ba ce. Laifin shi ne a mai da ita wuri ɗaya tilo, kamar yadda laifi ne a mai da akwati wuri ɗaya tilo. Mai dabbobi da hankali ba ya ba makiyayi ɗaya duk garkensa.

Masu sana'ar hoto suna da ƙa'idar da wani ɗan'uwansu Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan irin ma'ajiya biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. A harshen ƙungiyar da ke Tasawa ko Birnin Ƙonni, ma'anarsa ba ta da wuya. Na farko a kwamfutar magatakarda ko ta makaranta. Na biyu a faifan ajiya na waje, irin wanda ake jonawa a cire, a naɗe shi a kyalle saboda ƙura, a sa a akwatin ƙarfe a gidan ma'aji, ba a ɗakin da kwamfutar take ba, domin ɓarawo da gobara da ruwa ba sa ɗaukar rabi su bar rabi. Na uku a intanet, a asusun ajiya da aka buɗe da sunan ƙungiya, wanda aƙalla mutum biyu suke da ikonsa, lambar sirrinsa kuma tana rubuce cikin ambulan a hannun shugaba. Abin da aka riga aka ɗora a da ana iya dawo da shi: Facebook tun 2010 yana da hanyar da mai asusu zai nemi a tattara masa duk abin da ya ɗora, tana cikin saituna a sashen bayanan mai shi, Google yana da irinta tun 2011, ana ce mata Takeout. Ana nema, a jira, a turo ƙunshi, a sauke shi cikin ƴan kwanaki kafin wa'adinsa ya wuce, kuma gara a yi a inda intanet take da ƙarfi. Abin da zai dawo daga Facebook matsattsen ne, ba na asali ba, amma da babu gara ba daɗi. Daga yanzu kuwa, hoton da ke da muhimmanci a fitar da shi daga waya ta igiya kafin a ɗora shi ko'ina, in kuma dole a tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, domin ta wannan hanya ba a matse shi.

Faifan ma ba waliyyi ba ne. Yana faɗuwa ya mutu, wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan ɗaukewa tana ƙona shi. Katin memwar da kile na bakin kasuwa sun fi shi rauni, akwai ma na jabu da aka rubuta musu giga 64 alhali cikinsu bai kai kwata ba, suna karɓar hotuna suna haɗiyewa ba su ce uffan ba. Saboda haka ajiya ba aikin rana ɗaya ba ce. A buɗe a duba sau ɗaya ko biyu a shekara, kamar yadda ake leƙa rumbu, a sake kwafa a sabon faifai bayan ƴan shekaru. Hotuna talatin ko hamsin da suka fi daraja a kowace shekara kuma a wanke su a takarda.

Za a ce babu kuɗi. Wannan ita ce amsar da ta fi kowace saurin fitowa, kuma ta fi kowace rauni. Faifai mai tera guda yana ɗaukar hoto wajen 250 000 masu nauyin mega huɗu-huɗu, wato fiye da abin da ƙungiya za ta ɗauka har ta tsufa. A kwatanta kuɗinsa da abin da ake kashewa a bikin kwana biyu: hayar rumfa da kujeru da lasifika, allon kyalle mai hoton shugaba, anko, lemo, kuɗin mai na manyan baƙi. Ana samun kuɗin duk abin da za a gani ranar biki. Abin da ba a samun kuɗinsa shi ne wanda ba mai tafa masa. A tsarin mulkin kowace ƙungiya akwai shugaba da mataimakinsa da mataimakin mataimaki, akwai mai kula da hulɗa da waje ko da ƙungiyar ba ta taɓa hulɗa da garin da ke maƙwabtaka da ita ba. Da wuya a ga an rubuta wanda alhakin adana hotuna da takardu yake wuyansa, balle a ce ranar miƙa mulki ya miƙa faifai kamar yadda ma'aji yake miƙa littafin kuɗi.

Saura aikin da kuɗi ba ya yi, kuma shi ne rabon malamai. Hoton da ba a san wa ke ciki ba, ko ina ne, ko yaushe, ya riga ya mutu ko da an yi masa kwafi goma. A dandali, wannan bayani yana cikin sharhin da mutane suke rubutawa a ƙasa, kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Fayil mai suna IMG da jerin lambobi ba ya gaya wa kowa komi. Fayil mai suna «2018-12-18 Damagaram, bikin Zinder Saboua, ƴan wasan kara» ya zama shaida. Malamin Hausa ko na Faransanci da ke neman darasin rubutu mai ma'ana, ga shi a gabansa: kowane ɗalibi ya nemi izini a gida ya kawo tsohon hoto ɗaya, a ɗauki kwafinsa da kyau a mayar da na asali a ranar, ya koma ya zauna gaban kakarsa ya tambaye ta su wane ne, wace shekara, shekarar wace yunwa ko wane sarki, sannan ya rubuta layi biyar da Hausa, biyar da Faransanci. A shekara ɗaya makaranta ta tara abin da babu shi a kowane ɗakin adana tarihi na Yamai, yaro kuma ya koyi cewa tambaya tana da lokaci, domin kakar ba za ta jira ba.

Sai dai a yi da sutura. Hoton biki na cikin gida, inda mata suka saki jiki a tsakaninsu, ba kayan baje koli ba ne, kuma faifan da ya tara irin waɗannan amana ce mai nauyi. Ba a barinsa a shagon mai gyaran waya ko mai cajin batir, ba a ba yaro ya je ya zubo waƙoƙi a kai. Wannan ma hujja ce a kan masu cewa dandali ya isa: akwai hotunan da ya kamata a adana har abada amma bai kamata a nuna wa kowa ba, kuma dandali nuni kawai ya sani.

Akwai maganar da ba a son yi. In magidanci ya rasu a da, ana buɗe akwatinsa, ƴaƴa su zauna su raba hotuna, wannan ya ce ga ni a goye, waccan ta fashe da kuka. Yau abin da ya bari waya ce a kulle da zanen yatsa da ba wanda ya sani, da layin da za a karɓe bayan ƴan watanni. Facebook tun 2015 ya ba da damar mutum ya naɗa wanda zai kula da shafinsa bayan ransa, Google tun 2013 yana da tsarin da zai miƙa wa wanda aka zaɓa kayan asusu in an daɗe ba a taɓa shi ba. Aikin minti goma ne. Mutumin da ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi don kada magada su sha wahala, bai kamata ya ga wannan a matsayin kiran mutuwa ba.

Masallacin Birni dai ya faɗi. Duk ranar da magini ya so ya san yadda ginshiƙansa suke, ko ɗalibar jami'ar Damagaram ta tashi rubuta tarihinsa, abin da za su nema shi ne hoto na asali, mai cikakken girma, mai kwanan wata. Irin waɗannan suna nan har yanzu, a tsofaffin wayoyi masu fasasshen gilashi da ke cikin aljihun tebur, a katin memwar da aka cire aka jefa cikin gwangwanin allura, a kwamfutar wani malamin tarihi da ta shekara biyu ba a kunna ba. Ƙungiyoyin Damagaram sun san gidajen da za su ƙwanƙwasa.